Ciwon Asma da Allurar Sinawa: Kada Sauƙin da Ake Ji Ya Sa a Ajiye Maganin Shaƙa

  

Ƴan'uwa masu daraja, hunturu ya shigo. Duk wanda yake da mai ciwon asma a gida ya san abin da wannan lokaci ke nufi: tari cikin dare, ƙirji yana fito kamar ana busa sarewa, yaro ya kasa kwanciya sai a zaune, uwa kuma ta kwana ido biyu. Ƙurar da ke rufe mana sama daga watan Nuwamba zuwa Maris, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana haɗuwa da sanyin asuba da hayaƙin icce da mura, sai ciwon ya motsa.

A bana tambayoyin da ke zuwa mana bayan sallar Juma'a da kuma ta waya sun ɗauki wani salo. Ana ta yawo da hotunan bidiyo a WhatsApp da TikTok masu cewa jinyar allura irin ta Sinawa, da garin magani da shayin da ake kawowa daga Sin, suna tumɓuke asma daga tushe, har mutum ya rabu da maganin shaƙa gaba ɗaya. Wani magidanci daga cikin masu sallah tare da mu ya ba mu labarin cewa ya kashe kuɗin da ya kai na buhun gero wajen sayen wani gari cikin kwalba, ya kuma karɓe wa ɗiyarsa maganin shaƙarta bisa umarnin mai sayarwa, wai don kada magungunan biyu su yi faɗa a jikinta. Mako uku ta yi lafiya lau. A mako na huɗu, cikin dare, a kan babur aka kai ta asibiti ba ta iya magana. Allah ya yi da sauran kwananta. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu duba batun da kyau, ta fuskar abin da bincike ya tabbatar da kuma ta fuskar shari'a.

Yadda maganin Sin ya iso gare mu

Ba jiya muka fara ganin likitocin Sin ba. Ƙasar Sin ta fara tura ayarin likitoci zuwa Afirka a 1963, inda ta soma da Aljeriya. Nijar ta ƙulla hulɗa da Bejin a 1974, kuma tun daga 1976 lardin Guangxi ke turo likitoci, ban da ƴan shekarun da hulɗar ta katse tsakanin 1992 da 1996. Babban asibitin Yamai mai gado 500 da aka buɗe a 2016, Sin ce ta gina shi. Haka abin yake a Kamaru da Cadi da Gana. A cikin waɗannan ayarori akwai likitocin tiyata da na mata da na ƙashi, akwai kuma masu jinyar allura. Mutanenmu da yawa sun amfana da su, kuma wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Gwamnatin Sin tana tallata maganinta na gargajiya da ƙarfinta. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya jinyar allura cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. A 2017 Sin ta fara aiki da wata doka ta musamman don bunƙasa maganin gargajiya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe wani babi na sunayen cututtuka irin na gargajiyar Sin da Japan da Koriya a cikin kundinta na rarraba cututtuka. Ƴan talla suna yawan kafa hujja da wannan, suna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Amma hukumar da kanta ta bayyana cewa babin na ƙididdiga ne da ajiye bayanai, ba shaida ba ce cewa wani magani yana warkarwa.

Dole kuma mu bambanta abubuwa biyu. Akwai likitan da ya yi shekaru yana karatu, yake aiki a asibitin gwamnati ƙarƙashin idon ma'aikatar lafiya. Akwai kuma ɗan kasuwar da ya yi horon kwana uku a ɗakin taron wani otel, ya sayi wata ƴar na'ura da ake riƙe sandarta a tafin hannu, ta zayyano maka cututtuka goma cikin minti ɗaya, sannan ya ɗauko maka magungunan goman daga jakarsa. Mafi yawan ɓarnar da muke gani daga na biyun take.

Mene ne asma?

Asma ciwo ne na hanyoyin iska da ke cikin huhu. Abubuwa uku ne ke faruwa. Bangon hanyoyin yana kumbura daga ciki, naman da ya kewaye su yana tsukewa, sannan majina mai kauri tana taruwa. Kumburin nan yana nan ko da mutum yana jin garau. Shi ya sa ciwon ke tafiya ya dawo, kuma shi ya sa duk maganin da aka sha daidai lokacin da ciwon zai lafa da kansa sai ya samu yabo.

Ba a ɗaukar asma daga wani, kuma ba tarin tibi ba ce, ko da yake mutanenmu kan haɗa su da sunan fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta kashe mutum 455,000 a wannan shekarar. Mafi yawan mace-macen a ƙasashe irin namu suke faruwa, inda ba a gano ciwon da wuri, magani kuma bai wadata ba.

Maganin shaƙa iri biyu ne, kuma rashin sanin wannan ya halaka mutane. Na farko shi ne mai buɗe hanya, wato salbutamol, wanda aka fi sani a wajenmu da Ventoline, galibi a shuɗin mazubi. Yana sassauta naman da ya tsuke cikin ƴan mintoci, amma ba ya taɓa kumburin. Na biyu shi ne mai tsaro, mai ɗauke da ɗan ƙaramin sinadarin kotizon irin su bekulometazon ko budesonid, wanda ke kashe kumburin sannu a hankali. Shi ne ke rage tashin ciwo da mutuwa. Tun daga 2019 ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idojin jinyar asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar babba ko matashi da shuɗin kaɗai. Likitoci suna cewa wanda yake buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko yake ƙarar da mazubi uku ko fiye a shekara, to ciwonsa bai kamu ba, ya koma a sake duba shi.

Abin da bincike ya nuna game da allurar

Masu wannan jinya suna cewa akwai wani ƙarfi da suke kira ci, wanda ke gudana a jiki ta wasu manyan hanyoyi goma sha biyu, kuma cuta tana zuwa idan gudanar ta toshe. Sai a soka siraran allurai a wasu gurabu, waɗanda aka ƙidaya 361, don a buɗe ta. Ga mai asma sukan soka a gadon baya, da gindin wuya, da tsakiyar ƙirji, da hannu. Wannan tunani ya haura shekara dubu biyu a rubuce. Masu fiɗar jiki dai ba su ga waɗannan hanyoyi ba, amma wannan kaɗai bai isa a yi watsi da jinyar ba, domin abu kan yi aiki alhali bayanin masu shi kuskure ne. Abin tambaya shi ne, da aka gwada, me aka gani?

Adalci ya sa mu faɗi cewa a wasu ciwuka an ga amfani. A Jamus, bayan manyan gwaje-gwaje, asusun inshorar lafiya yana biyan kuɗin jinyar allura ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da ciwon gwiwa. A Birtaniya ma hukumar da ke tsara jinya ta yarda da ita ga wasu nau'o'in ciwon jiki da ciwon kai. To amma ciwon baya daban, asma daban.

A 2004 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su, ta duba gwaji 11 da aka yi a kan mutum 324 masu asma. Sakamakonta shi ne babu isasshiyar hujjar da za a ce jinyar allura tana maganin asma. A gwaje-gwajen da aka kwatanta allurar gaske da ta bogi, ba a ga wani bambancin kirki a ƙarfin huhu ba. An sake yin wani bincike a Jamus da aka buga a 2017, inda waɗanda aka ƙara wa allura a kan maganinsu suka ce rayuwarsu ta ƙara daɗi. Sai dai a lura: ba wanda aka karɓe wa maganinsa na asibiti, kuma kowa ya san an yi masa allurar, don haka ba a raba tasirin allura da tasirin sa rai ba.

Binciken da muke so kowane uba da kowace uwa su riƙe shi ne wanda masana na Jami'ar Habad ta Amurka suka buga a 2011. Sun ɗauki masu asma, kowannensu aka bi da shi ta hanyoyi huɗu a ranaku daban-daban: maganin shaƙa na gaske, maganin shaƙa na bogi wanda ba komai a ciki, allurar bogi wadda ba ta huda fata, da kuma zama kawai ba a yi masa komai ba. Da aka tambaye su yadda suka ji, sai suka ba maganin gaske maki 50 cikin ɗari na sauƙi, allurar bogi 46, maganin bogi 45, zama kawai 21. Wato a bakin majinyaci, na gaske da na bogi kusan ɗaya ne. Amma da aka sa su busa na'urar auna numfashi, maganin gaske ya buɗe huhu da kashi 20 cikin ɗari, sauran ukun kuwa kashi 7 kacal, daidai da wanda ba a yi wa komai ba.

A nan haɗarin yake. Mai asma zai iya rantsuwa da Allah cewa ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya ya yi ba, alhali huhunsa yana nan a tsuke. Shaidar da ake kawo mana a bidiyo, wance ta warke, wane ya jefar da maganinsa, irin wannan shaidar ce. Ba wanda ke komawa ya ɗauki hotonsu bayan wata shida, a tsakiyar hunturu.

A Sin ɗin kanta, manyan asibitoci da maganin shaƙa suke jinyar asma. Wani babban bincike da likitocin huhu na Sin suka buga a mujallar Lancet a 2019 ya gano cewa manya miliyan 45.7 ne ke da asma a ƙasar, kuma kashi 5.6 cikin ɗari kaɗai ke samun maganin shaƙa mai tsaro. Likitocin ba su yi murna da haka ba, kira suka yi da a faɗaɗa shi. Idan masu abin suna neman ƙarin maganin shaƙa, da wane dalili za a ce mu mu zubar da namu?

Ganye da garin magani

Ba mu raina tsirran Sin ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ƴaƴanmu ke sha a yau ya samo asali ne daga wata ciyawa ƴar uwar tazargade, wadda wata masaniya Basiniya, Tu Youyou, ta ciro sinadarin atemisinin daga cikinta, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Ita ma asma tana da irin wannan tarihi. Tsiron da Sinawa ke kira mahuwang sun daɗe suna ba masu sarƙewar numfashi. A 1885 wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya ciro sinadarin efedirin daga cikinsa, kuma daga shekarun 1920 likitocin duniya suka yi ta amfani da shi ga masu asma. Daga baya aka bar shi saboda yana tayar da bugun zuciya da hawan jini, kuma an samu waɗanda suka fi shi aiki da aminci. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari masu ɗauke da shi bayan an samu mace-mace. Darasin a fili yake: tsiro yana zama magani amintacce ne idan an auna shi, an san adadin da ke warkarwa da adadin da ke kisa.

Kalmar "na ganye ne, ba ya da illa" ta yaudari mutane da yawa. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata kusan ɗari suka kamu da lalacewar ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiron Sin bisa kuskuren suna. Da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma suka kamu da sankarar mafitsara da hanyar fitsari.

Akwai kuma algus. A wani bincike da aka buga a Taiwan a 1997, an gwada samfur 2,609 na magungunan gargajiya, aka tarar kusan kashi 24 cikin ɗari an cusa musu magungunan asibiti a ɓoye, har da kotizon. Wannan ya shafi mai asma kai tsaye. Idan aka niƙa deksametazon, wanda muka sani da sunan sha-ka-fashe, aka zuba a garin ganye, lallai mai asma zai ji numfashinsa ya buɗe cikin kwana biyu, ya yi ta sa wa mai magani albarka. Bayan watanni sai fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, yaro ya daina tsawo. Ranar da ya daina sha farat ɗaya kuma jikinsa zai iya rikicewa har ya kai ga rasa rai. Abin takaici shi ne mutum ya gudu daga ɗan ƙaramin kotizon da ke sauka a huhu kaɗai, ya faɗa wa mai yawa da ke zagaya jini bai sani ba. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan gari kada ya yanke shi da kansa, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likita.

Ita ma allurar ba a rasa haɗari a cikinta. Gurabun da ake soka wa mai asma suna saman huhu ne, kuma an sha samun wanda allura ta huda masa huhu iska ta taru a ƙirjinsa. Allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, ga shi yankinmu na cikin inda ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya. Sannan akwai wata jinya da ke tafiya tare da allurar, inda ake ƙona busasshen ganye kusa da fata. Hayaƙin wannan kaɗai ya isa ya tayar wa mai asma ciwonsa.

Ta fuskar shari'a

Neman magani halal ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowace cuta tana da magani, kuma ruwayar Muslim ta nuna cewa waraka tana zuwa da izinin Allah idan an dace da maganin da ya dace da cutar. Ke nan neman wanda ya dace ɗin aiki ne a kanmu. Kasancewar magani daga wanda ba Musulmi ba ya fito bai haramta shi ba. A tafiyar hijira, wanda ya nuna wa Annabi da Sayyidina Abubakar hanya ba Musulmi ba ne a lokacin, an ɗauke shi ne saboda ƙwarewarsa da amanarsa. Amma maganar nan da ƴan talla ke jingina wa Annabi ta neman ilimi har ƙasar Sin, malaman hadisi irin su Ibnu Hibban da Ibnul Jauzi sun ce ba ta inganta ba. Ko da ta inganta, ilimi aka ce a nemo, ba a ce a sayi duk abin da aka rubuta wa sunan Sin ba.

Soka allura a matsayin sababi na zahiri ba laifi ba ne, kamar yadda wanzamanmu ke yin ƙaho, wanda shi Annabi ya yi kuma ya biya mai yi ladansa. Abin kiyayewa shi ne aƙida. Bayanin ci da abin da ke tattare da shi ya taso ne daga falsafar mutanen Sin ta dā. Musulmi bai yarda akwai wani ƙarfi a halitta da ke warkarwa da kansa ba. Allah ne mai warkarwa. Idan mai jinya ya haɗa da karance-karance ko neman albarkar wani abu, to a tashi a ba shi wuri. Haka nan gurabun sokawar suna baya da ƙirji, don haka mace ta nemi mace, kada a kuma keɓe.

Sai abin da ke cikin kwalba. Cikin abubuwan da littattafan maganin Sin ke lissafawa ga masu tari da sarƙewar numfashi akwai busasshiyar tsaka, da tana, da mabiyiyar ɗan Adam. Wasu haɗe-haɗen a giya ake jiƙa su, alhali Annabi ya gaya wa Ɗariƙu ɗan Suwaidu cewa giya cuta ce ba magani ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Akwai kuma wani danƙo da ake dafawa daga fatar jaki, wanda neman sa ne ya kusa ƙarar da jakunanmu, har Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a 2024. Naman jakin gida an hana shi tun ranar Haibara. Rubutun da ke jikin kwalbar ba ma iya karanta shi, shi ma mai sayarwar bai iya ba. Yaya Musulmi zai haɗiyi abin da bai san mene ne ba, alhali ga halal wanda aka tabbatar da amfaninsa?

Ga masu sayarwa kuma, muna tunatar da su hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya shiga aikin likita ba a san shi da ilimin likita ba, to shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Wanda ya ce wa uba ya karɓe wa ɗansa maganin shaƙa, yaron ya mutu, ya shirya amsar da zai bayar gaban Allah. Wanda ya tura bidiyon zuwa zauren WhatsApp na masallaci ba tare da bincike ba shi ma yana da kasonsa.

A waɗannan shekarun azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, kuma mun san masu asma da ke barin maganinsu da rana don tsoron karyewar azumi. Malamai sun yi saɓani. Shaihu Ibnu Baz da Shaihu Ibnu Usaimin sun tafi a kan cewa maganin shaƙa ba ya karya azumi, domin huhu yake nufa, ba abinci ba ne ba abin sha ba. Wasu malaman sun ce yana karyawa, mutum ya shaƙa ya rama daga baya. Ko wanne aka ɗauka, babu malamin da ya ce mutum ya zauna numfashinsa na yankewa yana jiran kiran magariba. Maganin tsaro kuma ana iya mayar da shi sahur da buɗa baki, bisa shawarar likita.

Me ya kai mutane can?

Ba za mu ɗora wa talaka laifin duka ba. Maganin shaƙa mai tsaro yana da tsada, kuma sau da yawa ba a samunsa a ƙananan asibitocin karkara. Na'urar auna numfashi sai a manyan birane. Likita yana da layin mutum hamsin, ba ya samun minti biyar ya nuna yadda ake shaƙa, shi kuwa ɗan talla zai zauna da kai awa guda yana sauraron kukanka. Asibiti yana cewa asma ba a warkewa, sai dai a shawo kanta, ɗan talla yana cewa wata uku an gama. Ga kuma camfe-camfenmu: wai wanda ya fara shaƙa ya saba ke nan, wai maganin na wanda ya kusa mutuwa ne, wai budurwa mai asma ba za ta samu miji ba, har a riƙa ɓoye mata maganinta idan an fara neman aurenta. Duk wannan ba shi da tushe. Maganin shaƙa ba ya sa maye ba ya kama jiki, kuma akwai ƴan wasan da suka ci lambobin duniya suna amfani da shi.

Saboda haka kiranmu na farko ga hukumomi ne. Waɗannan magunguna suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kamata a same su a kowane asibitin gunduma da farashin da talaka zai iya. Ya kamata a sa ido kan abin da ke shigowa ta iyakoki da abin da ake tallatawa a rediyo. Kwamitocin zakka da na taimakon marayu su sani cewa saya wa yaro maganin shaƙa na wata uku sadaka ce mai ceton rai.

Abin da ya rage namu

Wanda yake so ya gwada jinyar allura, ba mu ce haramun ba ce. Ya je wurin likitan da hukuma ta sani, ya ga an ɓare sabuwar allura a gabansa, ya sanar da likitansa na asibiti, kuma ya ci gaba da maganinsa ba ragi. Duk wanda ya ce masa ya ajiye maganin shaƙa, wannan ba likita ba ne, ko daga ina ya fito. Kada kuma a kai mai asma wurin allura ko ƙaho ko tofi kaɗai a lokacin da ciwon ya tashi. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Alamomin haɗari su ne: mutum ya kasa haɗa jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja numfashi, leɓe ko harshe ya sauya launi, fatar tsakanin haƙarƙari ko ta maƙogwaro tana lotsawa, yaro ya kasa shan nono, barci ko ruɗewa su kama shi, ko an shaƙi shuɗin bai yi aiki ba. Idan aka ga haka a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a ba shi shuɗin fesa ɗaya-ɗaya, yana jan numfashi tsakanin kowace, har zuwa goma, a kuma nufi asibiti nan take.

Akwai wata dabara mai sauƙi da likitocin yara na Afirka ta Kudu suka gwada, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ambatonta. A samu gorar roba mai rabin lita, a wanke ta, a huda gindinta daidai bakin mazubin magani, a fesa a ciki, yaro ya ja ta bakin gorar. Wannan yana sa maganin ya isa huhu maimakon ya tsaya a harshe. A roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi. Bayan shaƙar mai tsaro a kurkure baki. A kuma yi hattara da aspirin da ibufurofen na masu tallar magani a tire, domin suna tayar wa wasu masu asma ciwo.

A gida a rage hayaƙi: girki a waje ko inda iska ke shiga, a daina ƙona maganin sauro a ɗakin da mai asma ke kwana a koma gidan sauro, mai shan taba ya ji tsoron Allah game da ƴaƴansa. A yayyafa ruwa kafin shara. Ranar da hazo ya yi ƙarfi a rufe hanci da baki.

Masallatanmu ma suna da aiki. Dardumar da ta shekara ba a kakkaɓe ba ƙura ce zalla, kuma a kanta mai asma ke ɗora goshinsa sau biyar a yini. A riƙa fitar da ita ana bugewa ana shanyawa, a yi shara tun kafin jama'a su taru. Turaren wuta abu ne mai kyau, amma a turara da wuri a buɗe tagogi. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su san wane almajiri ne ke da asma, su bar shi da maganinsa a aljihu, su nisantar da shi daga hayaƙin wutar karatun dare, kada kuma su ɗauki tarinsa a matsayin lalaci. Limamai su ware ko da minti biyar a huɗuba cikin wannan hunturu su faɗakar da jama'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mu daga cutar da bayinsa da sani ko da jahilci. Allah ne mafi sani.